Kwanar Fadama da Layar Ƙashin Kifi

Aji biyu na yi a makarantar boko, cikin biyun ma ɗaya maimaici ne. Abin da na fito da shi bai wuce sanin cewa idan malami ya juya baya ana iya fita ta taga ba. Rubutun nan ma sai da furfura ta fito na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka in kun ga ya karkace ku yi haƙuri da shi. Amma mota na karance ta. Da tafin hannu na karance ta, da tafin ƙafa, da mazaunai. Har yau idan na tuna yadda aka raba ni da makullin akori-kurar Alhaji, ko tuwo nake ci sai na ture kwanon.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke mana jiha ba. Alhaji, maigidana, ɗan kasuwa ne a Nasarawa cikin Birnin Kebbi. Yana sayen shinkafa da albasa a hannun manoma, ya kai Argungu da sauran kasuwanni. Motarsa ɗaya ce, akori-kura fara, ni ke tuƙa ta. Ba don kyawun halina ya riƙe ni ba, domin ba ni da shi. Wata kwana ce ta sa ya riƙe ni.

Idan ka wuce Ambursa ka sauka daga kwalta, akwai hanyar ƙasa da ke gangarawa fadama, inda manoma ke tara buhunan shinkafa da kaka. Shiga ba wuya, fitowa ce aiki. Kana tahowa da kaya sai hanyar ta karya hagu gaba ɗaya a gindin wata tsamiya, kana gama karyawa kuma sai hawa. Wurin yana tsattsafo da ruwa har tsakiyar rani, laka ce baƙa mai santsi kamar sabulu. A hannun dama gonar shinkafa ce a ƙasa, kusan tsayin mutum. In ka shiga kwanar a hankali, ba ka da ƙarfin hawa, tayoyin baya su yi ta haƙa har motar ta zauna kan cikinta. In ka shiga da gudu ka ji tsoro ka taka birki, ka tafi gona. Shi ya sa sauran direbobi ke tsayawa a sama, a ɗauko musu buhu ɗai-ɗai a kan jakuna. Ni kuwa har bakin masussuka nake zuwa. Kafin wani ya cika mota sau ɗaya, na yi sawu uku.

Wani tsohon direba Bazabarme ya koya mini, mutum mai gajeren haƙuri da dogon hannu. A wani fili ya koya mini bayan ruwa ya janye, ya kafa turmi a tsakiya ya ce kwana ke nan. Yana zaune gefena da guntun fambel, bel ɗin robar injin mota, a hannu. Duk lokacin da ƙafata ta nufi birki a cikin kwana, sai na ji shi a gwiwa. Abin da ya dasa mini ke nan: duk birkin da za ka taka, ka gama taka shi tun mota tana miƙe. Ka sauko giya ta biyu kafin kwanar. Ka ɗan kaɗa kanta waje kamar ka fasa, sannan ka jefa ta ciki ka ba ta wuta. Ƙugunta, wato bayanta, zai zame ya yi waje. A nan ne zuciya ke cewa ka taka birki, a nan ne kuma fambel ke sauka. Sai ka mayar da sitiyari gefen da ƙugun ya nufa, ka riƙe totur daidai, kada ka ƙara kada ka rage, idonka a kan inda kake son fita, ba a kan ramin da kake tsoro ba. Kafin ƙugun ya dawo ka fara warware hannu, in ka makara ta watsa ka ɗaya gefen. Ban san sau nawa na buge turmin nan ba. Gwiwata ta dama ta yi wata guda a kumbure.

Akwai kuma abin da ba a gani daga waje. Ranar da zan shiga fadama nakan rage iskar tayoyin baya. Idan motar ba kaya, akwai buhu biyu na yashi da nake ajiyewa daidai kan tayoyin, domin akori-kura in ba nauyi a bayanta ba ta da kunya. Kuma ƙugun mota ba a ganin zamewarsa da ido, a kujera ake jin sa, tun bai fara ba.

To ga inda nawa laifin ya shigo. Wata rana muna zaune wurin mai shayi a tasha, wani direba ya ce mini, "Kai, don Allah mi kaka yi wa motag ga? Mun ga ta taho a karkace kamar ƙaguwa, kuma ta hau."

Da na ce musu turmi ne da fambel, da cikin wata biyu rabinsu sun iya, Alhaji kuma ya gane akwai irina da yawa masu ladabi fiye da ni. Sai na kurɓi shayi na dubi ƙasa na ce, "Ba ni na ba. Aikin masunta na."

Na ce wani tsohon masunci a Argungu ya ba ni laya, layar tarwaɗa, kifin da laka ba ta riƙewa. Washegari na je wurin baduku da guntuwar robar tiyub da ƙashin kan tarwaɗar da na ci da rana, a naɗe cikin tsumma. Ya ɗinke mini da jar fata, na rataya a madubi. Daga ranar, duk lokacin da na ɗauko wani zuwa fadama, kafin kwanar sai na shafi layar na motsa baki. Abin da nake karantawa kuwa, tuwon shinkafa miyar kuka, tuwon shinkafa miyar kuka. Na sha shayin banza a kan wannan ƙarya, na ci goro, har gaishe ni ake yi da hannu biyu. Ina jin daɗi ƙwarai. Wannan laifin na ɗauka, nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Alhaji yana da ƙane, akawu a wani ofishin gwamnati, yana zaune a Gwadangaji. Kowa Akawu yake ce masa. Mutum ne mai farin yadi da biro uku a aljihu, ya yi karatu har Zariya, yana da lasin tuƙi amma ba shi da mota. Bai taɓa kiran sunana ba, "direba" kawai. Wata Asabar Alhaji ya ce Akawu ya bi ni fadama ya duba masa awon shinkafa. Tun daga gari yake gyara mini tuƙi. Na cika canza giya, ban kunna sigina ba, littafin tuƙi ya ce kaza.

Da muka ɗauko kaya muka nufo tsamiya, ya ga layar ya ce, "Irin wannan camfi shi ya hana ku ci gaba. Jahilci ciwo ne, direba."

Na shafi layar, na karanta tuwona, na sauko giya ta biyu, na jefa ta. Ranar har na ƙara mata kaɗan don shi. Motar ta juya har tagar gefensa ta koma gaba, ya ga gonar shinkafa ta taho masa. Hularsa ta faɗi, ya rungume ƙofa yana salati da muryar da ban san yana da ita ba. Kafin ya kai ƙarshen salatin mun hau, muna bisa tudu. Har muka iso gari littafin tuƙi bai sake cewa komai ba.

Bayan kwana uku ya same ni a ƙofar gidan Alhaji ina wanke mota. Ya duba hagu da dama, ya matso, ya rage murya.

"Direba, wannan abin naka. A ina masuncin yake?"

"Ya rasu, Yallaɓai."

"To ka ara mini na kwana ɗaya. Akwai abokan aikina da na ba labari, sun ƙaryata ni."

A nan dariya ta ɗauke mini. Na ga idonsa, da gaske yake. Ni mai shegantaka ne amma ban taɓa son a mutu a kan shegantakata ba. Na ajiye tsumma na ce, "Yallaɓai, tsakani da Allah babu komi cikin abin nan. Roba ce da ƙashin kifi, ni na kai aka ɗinka. Hannu ne da ƙafa. In kana so, ranar Lahadi mu tafi fili in kafa maka turmi. Wata biyu, in ka jure, za ka fara."

Ya dube ni tun daga silifas har hula.

"Kana nufin akwai wani ilimin mota da kai ka sani ni ban sani ba? Ni da na ci gwajin tuƙi da takarda, na san sunan kowane ƙarfe na injin da Turanci?"

"Yallaɓai, laka ba ta jin Turanci."

"Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa. In rowa za ka yi, ka ce rowa."

Ya kaɗa riga ya tafi. Ku lura da wannan, domin shi ne abin da ke ci na har yau. Sau ɗaya a rayuwata na faɗi gaskiya ba a matsa mini ba, kuma na faɗe ta ga mutumin da ya fi kowa karatu a gidan. Ya fi masa sauƙi ya yarda ƙashin tarwaɗa na tuƙa mota, da ya yarda ni na iya.

Ranar Juma'a na shirya motar don tafiyar Argungu washegari. Tafiyar kwalta ce, don haka na cika tayoyi da iska tam, na sauke buhunan yashi na share bayan motar. Na rataye makulli a ƙusar zaure inda nake ratayewa kullum, na tafi masallaci. Da na dawo ba mota. Aka ce Akawu ya ɗauka tare da abokansa biyu, ya ce Alhaji ya aike shi. Na dubi buhunan yashi jingine da bango. Na tare wani mai babur na ce Ambursa, ka taimake ni.

Tun daga tudu na hango motar. Tana kwance kan gefenta na dama a tsakiyar gonar wani bawan Allah, tayar baya ɗaya a sama. Na tsaya na karanta sawun a laka kamar yadda Akawu yake karanta jarida. Ya shigo da giya ta uku. Ƙugu ya zame, daidai nan ya danne birki, ga jan tayoyi huɗu a miƙe har bakin gangara. Bai ma juya sitiyarin ba. Daga baya ɗaya daga cikin abokan ya ce hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana riƙe da layar. Allah ya tsare ba wanda ya mutu. Abokan sun fito baƙi ƙirin kamar an tsamo su daga rijiya, Akawu kuwa hannunsa na dama ya karye. Shanu huɗu da manoma suka tayar da motar.

Washegari bayan la'asar aka kira ni zaure. Alhaji yana kan kujera, Akawu a gefe da hannu ɗaure cikin karare, aikin mai ɗori. Ga kuma Baffa, ƙanen mahaifinsu, tsoho mai jan gemu wanda ba a yanke magana a gidan sai da shi. Layar tana tsakiyar tabarma, ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ita. Ni na shigo da shirin a ba ni haƙuri, ku ji wauta. An ɗauki mota ba izini, an yi ƙarya da sunan maigida, an kayar da ita. Na ma shirya yadda zan ce ba komi, ya wuce.

Akawu ya riga ni. "Yaya, wannan mutumin ya san ina son abin. Sai ya kwance shi, ya bar shi a rataye don in halaka."

Na ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, a ba ni reza."

Aka kawo. Na farke jar fatar a gabansu, na zazzage. Guntuwar roba ta faɗo, ƙashin kai ya biyo ta, har da ɗan warinsa. Na ce ga ta nan, ita ke nan tun farko, kuma na gaya wa Yallaɓai haka da bakina ranar Talata ina wanke mota. Na koma na zauna ina jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya sa bakin sandarsa ya juya ƙashin, ya girgiza kai.

"Wagga ba ita ta ba. Musanya ta yay yi. Ta gaskiyar tana wurinai."

"Baffa, wallahi babu wata."

"Ɗana, ka taɓa ganin mai abu ya ce yana da shi?"

Alhaji ya yi gyaran murya. Shi mutum ne mai auna magana kamar yana awon tiya. Ya ce, "In musanyawa kay yi, ka cuci ƙanena. In ko ita ta tun farko, to shekara nawa kana jefa min mota cikin kwanag ga ba tsarin komi, sai hannunka?"

Ta nan laifi, ta can laifi. Raina ya ɓaci har na manta a gaban wa nake. Na ce, "Sai hannuna, Alhaji. Hannun nan da ka raina shi ya cika maka rumbu. A gyara mota, a tuɓe ni, a caje ni, a cire duk abin da ke rataye, in shiga kwanar nan a gabanku. In na faɗa gona, ka karɓi makullinka. In na hau, a ce na iya. Abin da nake so ke nan, a ce na iya."

Alhaji ya dubi Baffa, Baffa ya dubi rufin zaure. Aka ce an yarda.

Kwana goma motar ta yi a gareji, kwana goma ina can tare da makaniki. Ni na riƙe masa fitila a ƙarƙashinta, ni na buga ƙofar da ta lotsa, ni na zaɓi gilashi. Makullin yana aljihuna, ina taɓa shi kamar mai ciwon haƙori. A tasha labari ya riga ya zaga. Waɗanda ke gaishe ni da hannu biyu yanzu matsawa suke yi in na zauna a benci. Matata ta ce in je in durƙusa in ba Akawu haƙuri a wuce wurin. Na ce haƙurin me, na karya masa hannu ne ko na ba shi makulli? Ta ce to ka zauna da gaskiyarka, mu ga ko ana dafa ta. Ba mu yi magana ba kwana biyu.

Ranar gwaji da hantsi na kwashe su mu huɗu, Alhaji da Baffa a gaba, Akawu a baya kan tabarma yana riƙe da hannunsa. Na sauke su a gindin tsamiya. Manoma sun ji labari, sun bar yankan shinkafa sun jeru a kan tudu, har da mai gonar da aka kwanta wa a shuka. Baffa da kansa ya caje ni. Ya sa na cire riga da hula, ya juye aljihun wandona, ya kwance ɗamarata, ya shinshina hular. Ya sa aka ɗaga kujera, aka leƙa ƙarƙashin tabarmar ƙafa, aka cire har carbin da ke rataye a madubi. Na tsaya daga ni sai wando da singileti mai huda, magidanci da 'ya'ya, a gaban mutanen ƙauye. Na sunkuya na rage iskar tayoyin baya, na ce su duba da kyau, wannan ma yana cikin aikin. Ba wanda ya duba. Bakina suke kallo, ko zai motsa.

Na gangara aka loda mini shinkafa. Na juyo.

Na daɗe ina tuƙi kafin ranar, na kuma yi tuƙi bayanta, amma ban taɓa shiga kwana kamar wannan ba. Na datse haƙora don kada a ce na karanta wani abu. Na taho da ta uku, na taka birki tana miƙe, na sauko ta biyu, injin ya ɗaga murya. Na kaɗa kanta dama, na jefa ta hagu, na ba ta wuta. Na ji ƙugun ya saki a ƙarƙashina, a hankali, kamar an zare tabarma. Na mayar da hannu dama. Ta tafi a karkace, laka tana tashi bayanta, tayar baya tana bin bakin gangarar da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, tsamiya tana zagaya ni ta gilashin gaba. Ƙafata ba ta motsa ba. Na warware hannu tun kafin ta nema, ta miƙe, ta kama tudu ta hau kamar ana jan ta da igiya. Buhu ko ɗaya bai gusa ba.

Na sa aka sauke kayan, na koma na sake yi ba kaya, ba yashi, yadda Akawu ya same ta. Wannan ta fi wuya, ta so ta watsa ni wajen fita, na kama ta. Na tsaya a gabansu na kashe injin. Manoma suna ta surutu, wani tsoho yana tafa cinya. Mai gonar nan ya ce, "Wanga dai ya iya." Shi kaɗai ya faɗa, kuma ba shi na roƙa ba.

Baffa ya matso ya kama hannuna na hagu ya juya shi. Akwai wani tabo a tsintsiyar hannuna, inda murfin lagireto ya taɓa ƙona ni.

"Ga shi nan," in ji shi. "Nan anka tsaga anka zuba. Shi ya sa bai damu da ta rataye ba."

"Baffa, ruwan zafi na. Lagireto."

"Awo. Haka za ka ce."

Akawu ya ce, "Ka gani, Yaya? An cire komai kuma ya yi. Ashe a jikinsa take. Ya san ta madubi fanko ce, ya bar ni na hau."

"Na gaya maka fanko ce, Yallaɓai. Har turmi na ce zan kafa maka."

"Ka faɗa ne irin faɗar mai hanawa."

Na juya wurin Alhaji, domin shi kaɗai ya rage. Kuma Alhaji ya sani. Wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Mutumin da ke gane buhun da aka yi wa algus tun daga nesa, ya ga na rage iska, ya ga hannuna, ya ga sawun taya. Amma in ya ce na iya, ya ce ke nan a gaban manoman da yake saye a hannunsu, ƙanensa mai karatun Zariya ya saci makulli ya rungumi ƙashin kifi ya faɗa gona, baffansa kuma yana shinshinar hular direba a banza. Ya auna su biyu, ya auna ni. Bai dube ni ba, tsamiya ya duba.

"Ko wace iri ta, ba ni son ta cikin dukiyata. Kawo makulli."

Na zare shi daga motar na sa masa a tafin hannu. Na ɗauki rigata na sa, na sa hula. Na juya zan kama hanyar kwalta da ƙafa.

Sai na ji shiru a bayana, irin shirun mutanen da suka tuna wani abu. Alhaji bai iya tuƙi ba. Baffa ko keke bai taɓa hawa ba. Mai lasin kuma hannunsa yana cikin karare. Rana ta take, ga buhuna a zube, ga gari da nisa.

"Direba," in ji Alhaji. "Zo ka kai mu gida tukuna."

Na so in ce Baffa ya tsaga wa wani hannu ya kai su. Maganar ta zo har bakina. Amma na ci abincin gidan nan shekaru, kuma ga manoma suna kallo. Na dawo na karɓa, aka mayar da buhuna, suka hau.

Da giya ta ɗaya na kai su. Tun daga tudun fadama har Nasarawa ban canza ba. Injin yana kuka, motar tana rarrafe, zafi yana tasowa daga ƙasa yana dafa ƙafafun Baffa. Masu keke suna wuce mu suna waiwaye. Wani mai jaki ya jera da mu har ya gaishe da Alhaji ya tambayi iyali, sannan ya wuce. Kafin kowane lanƙwasa, ko da ba kowa, sai na kunna sigina na fitar da hannu. Akawu a baya rana tana gasa shi a kan buhu, yana buga rufin mota da hannunsa mai lafiya.

Wajen Ambursa Alhaji ya ce, "Ba ka ƙara wuta?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni da tsari. Hannu na kawai, kada in cuce ku."

Mun bar fadama kafin azahar, ana kiran la'asar muka iso ƙofar gida. Na tsaya, na ja birkin hannu, na kashe ta. Na fito na zagaya na buɗe wa Baffa ƙofa, domin ƙafarsa ta sage. Alhaji ya miƙo hannu. Ban ba shi a hannu ba wannan karon. Na shiga zaure na rataye makullin a ƙusarsa, na ɗauki butata da tabarmar sallata da ke bayan ƙofa, na fito ta gabansu na tafi gida.